Bulon da aka saki daga gwiwa

Saki-mu-gani ake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana birkila, kuma bai taɓa ɗora bulo a kan kwaɓi ba sai ya gwada shi. Gwajin ba wuya. In mota ta sauke kaya, sai ya zaro ɗaya daga tsakiya, ba na saman da aka jera don ido ba, ya ɗaga shi daidai kafaɗa, ya sake shi a kan tsandauri. In ya tsaya, ko ya rabe gida biyu, madalla. In ya watse kamar busasshen burodi, sai ya karkaɗe hannu ya ce wa direba, "Malam, kwashe yashinka." Masu gidajen bulo sun tsane shi kamar mutuwarsu. Masu gini kuwa ko guda ba sa saye sai sun ji ta bakinsa.

Abin da ya tara ke nan a duniya, wannan suna. Ba gida, ba fili. Siminti ya cinye masa tafin hannu, bayansa ya ƙi miƙewa, matarsa ta rasu, sai babban ɗansa ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki a bayan gidan bulon da ya buɗe.

Daga ƙofar ɗakin nan tsoho yake ganin komai. Buhun simintin da shi a zamaninsa yake fitar da bulo talatin, a nan sittin ake tatsa. Ban ruwan da ya kamata a yi mako ana yi, kwana ɗaya ake yayyafawa a ce ya isa. Sau ɗaya ya yi magana.

"Baba, kowa haka yake yi," in ji ɗan, ko ɗago kai bai yi ba. "In na bi taka, abincin da ake kai maka ɗaki ma ba za a samu ba."

Maganar ta soke shi, ya haɗiye ta. Mai ci a hannun wani ina ya ga bakin gardama?

Ana nan sai ga wata malama da ke gina makarantar yara, aji uku, a ƙarshen layi. Mace mai fara'a, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Ni ban san bulo ba," ta ce, "amma na san Baba. In ya saki ya tsaya, a loda mini."

Leburori suka dakata da shebur. Ɗan ya tsaya gefe ya kafe ubansa da ido. Tsoho ya zaro bulo. Tun daga nauyinsa ya san abin da ke hannunsa, ga kusurwa tana marmashewa a ƙarƙashin babban yatsa. Sai ya dafe ƙugu kamar bayan ne ya motsa, ya yi taku ɗaya zuwa inda yashi ya barbazu, ya sassauto da bulon daidai gwiwa, ya sake. Bulo ya zauna daram. Malama har da tafi.

Kai, duniya! Aikin shekara arba'in, taku ɗaya ya rushe shi, kuma ba wanda ya lura sai shi da ɗansa.

Gini ya tashi, aka yi filasta, aka shafa fenti ruwan ɗorawa. Don jin daɗin ciniki malama ta ce a kawo mata jikar tsohon makaranta, 'yar shekara biyar, wadda yake tsokana da "tsohuwa" saboda surutu. Shi aka ɗora wa rakiyarta kullum da safe. Ranar farko ya zaga bayan aji, inda filasta ba ta kai ba, ya karce da ƙusa. Yashi ya zubo masa a kan takalmi. Bayan ruwan farko ya ga tsaga siririya ta taso daga kusurwar tagar ajin jikar ta nufi linta, kankaren da ya ratsa saman tagogi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene.

Ya sami malama a ofis, ya cire kunya ya faɗa mata duka. Daga gwiwa ya saki bulon, a kan yashi, kuma ginin nan ba zai ga damina uku ba.

Ta yi dariya, ta tura masa kujera. "Haba Baba, da idona fa na gani! Duk garin nan wa ya taɓa jin ka yi ƙarya a kan bulo? Dama ɗanka ya ce kwanan nan kana ɗan rikicewa. Allah ya ƙara lafiya."

Ya je wa tsofaffin abokan sana'arsa, su ma haka. "Kai ka gwada? To ai magana ta ƙare." Da labari ya koma gida, ɗan ya daina shiga gaishe shi, abinci sai dai a ajiye a bakin ƙofa.

Abu ɗaya ya rage masa. Ya tari malamin ajin jikar ya ce, "Don Allah a zaunar mini da tsohuwar nan kusa da ƙofa. Ba ta son zafi."

"Wannan ai mai sauƙi ne, Baba," in ji malamin.

Malamin ya kira jikar ta dawo bencin bakin ƙofa. Sai ya taɓa kan wata yarinya da ke wurin, 'yar firit mai giɓi, ya nuna mata gurbin da aka bari a jikin bango, ƙarƙashin tagar nan. Yarinyar ta rungumi jakarta da murna, don ta samu wurin leƙen waje. Tana zama ta hango tsoho tsaye a tsakar makaranta, ta ɗaga masa hannu.