Ƙararrawar da na cire da hannuna

Shekarun baya can, lokacin da takardar injiniyan da na samo ke ta hura mini kai, ni da wata ƙawata muka buɗe kamfanin ƙera kayan asibiti. Na ce kamfani, amma shago ɗaya ne a Faskari, teburi biyu da fanka mai kukan tsufa. Ni ke haɗa wayoyi da ƙarafa, ita ke rubuta umarnin da na'ura za ta bi a kwamfuta. A takarda kuwa ni ce shugaba, har kati na buga ina rabawa a gidan biki.

Abin da muka ƙera kwalbar bakwaini ce mai aiki da sola. Wanda ya san yankinmu ba sai na yi masa bayani ba. A haifi jariri wata bakwai a ƙauyukan Sabuwa ko bayan Ƙanƙara, kafin a samu mota, kafin a tambaya a ji ko hanyar Funtua tana biyuwa yau, sanyi ya gama da shi. Kwalbarmu tana ɗumama shi, sannan akwai 'yar ɗamara da ake ɗaura masa a ciki tana bin numfashinsa. Shi bakwaini yakan manta ya ja numfashi. In aka shafa bayansa ko aka murza tafin ƙafarsa da wuri, sai ya zabura ya ci gaba. Aikin na'urar ta sanar da mutane cewa a taɓa shi yanzu.

Da farko ƙararrawa muka sa mata. Muka kai ta wani ƙaramin asibitin ƙauye don gwaji, inda nas ɗaya ce tal take awo, take karɓar haihuwa, take riga-kafi. Sati biyu ta kira ni ta ce in zo in ɗauke kayana. Wai jariri ya motsa ta yi ƙara, ɗamara ta zame ta yi ƙara, masu jego ba barci, ga shan batir kamar me. Maimakon in zauna in gyara yawan kukan, sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mai gaggawa. Na yanke wayar ƙararrawar na sa fitila a gefen da ke kallon gadon uwa. Kore lafiya, ja a taɓa shi a kira nas.

Ƙawata ta ce mu bar ko 'yar ƙaramar ƙara ce. Na ce mata ta tsaya a kwamfutarta, ƙarfe nawa ne. Har Abuja na je na tsaya gaban masu zuba jari ina faɗin babu mai gadin jariri kamar uwarsa. Aka tafa mini, na dawo ina tafiya da ƙyar don jin kai. Duk mai jegon da aka sa ɗanta a kwalbar, ita kaɗai muke zaunarwa mu koya wa.

Wata Laraba da azahar nas ta kira ni. Muryarta kawai na ji na san ba lafiya. Wata yarinya ce daga gefen Ruwan Godiya ta haifi namiji bakwaini, haihuwarta ta farko. Kwana huɗu yana kwalba, har ya fara kama nono. Ranar ta dace da riga-kafi, nas tana baranda da layin mata. Kafin a kira ta ta shigo, yaro ya cika.

Na'urar tana ajiye duk abin da ya faru, don haka da na isa na buɗe na duba. Fitila ta yi ja minti goma sha ɗaya babu wanda ya taɓa yaron. Ba zan ɓoye muku ba, haushin uwar na ji. Na ce wannan wane irin sakaci ne, gado da kwalba ko taku biyu babu. Da wannan zuciyar na je musu ta'aziyya bayan kwana uku.

Da mata suka fita alwala, ɗakin ya rage ni da ita. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara magana, kanta a ƙasa.

"Anti, na gani fa. Tun da ta koma ja idona na kanta."

Na ce to me ya hana ta miƙa hannu.

"Inna na zaune, da ƙannen babansa biyu da suka zo dubiya. Ɗan fari ne, Anti. Mi za su ce in na zabura kansa gabansu?"

Inna surukarta ce. Yarinyar ta ce ta jira ko ɗaya daga cikinsu za ta lura, amma hira suke, kuma ba su san abin da ja ke nufi ba, don ba wanda ya gaya musu. Ta yi tari, ta gyara zama, har ta ce a hankali kamar fitilar can ta sauya, ba su ji ba. Yaron kuma kamar mai barci. Daga ƙarshe ta ce za ta kewaya, ta lallaɓa da jikin jego tana dafa bango har baranda, ta raɗa wa nas. Tana gama faɗa mini ta roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Na dawo gida na tarar da mahaifiyata tana tsintar wake. Na zazzage mata komai, ina ta faɗa da al'ada, ina cewa kunyar banza ta kashe rai. Ba ta katse ni ba. Da na gaji ta tambaye ni wa na koya wa fitilar. Na ce uwar. Ta ce uwar ɗan fari? Ta ce ina kaka, ina ungozoma, su da ke wanka da ɗauka da komai? Sannan ta ajiye faifan.

"Da ke ce a kwalbar nan, uwar babanki na zaune, wallahi ni ma da ban miƙa hannu ba. Da na zauna ina kallonki, zuciyata na fashewa."

Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan". A cikin wannan abin na tashi, na san shi kamar yadda na san hanyar ɗakina. Amma da na zauna gaban teburi da wayoyi, sai na zana wa wata uwa ta cikin littafin turawa, ba matan garinmu ba.

Mun mayar da ƙararrawar, mai ƙarar da ko kurma sai ya waiga, kuma yanzu tsofaffi ake fara koya wa. Shugabancin na bar wa ƙawata, tana riƙe da shi fiye da yadda na riƙe. Ni gyara kawai nake yi a bayan shago. Mutane suna ce mini kwanan yaron ne ya ƙare, na yarda, ni Musulma ce. Amma na san wanda ya riƙe almakashin da ya yanke wayar, kuma wannan sanin bai rage nauyi ba har yau. Duk kwalbar da aka ce ta ceci yaro sai in ce alhamdulillahi da baki, cikina kuwa shiru.

Nas ta taɓa gaya mini yarinyar ta sake haihuwa, mace, cikakkiyar wata tara, kuma tana rungume ta gaban surukarta ba ta jin kowa. Na sayi turmin atamfa da kayan jarirai zan je barka. Na kai tasha sau biyu ina dawowa. Kayan suna nan cikin akwatina, 'yar kuwa an ce bana ta shiga makaranta.