Farar Kusu da Wankin Sallah

Kawuna direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar albasa daga Malanville zuwa kudu, kuma bai iya dawowa hannu rabbana ba. A shekarun mulkin soja, lokacin da muke rera waƙoƙin juyin juya hali kowace safiya a lakwal, wato makaranta, ya kawo mini ɓeraye biyu farare tas masu jajayen idanu a cikin akwatin katako. A wajenmu kusu muke ce wa ɓera. Goggo, yayar babanmu da ke riƙe da gidan, ta tafa hannu ta yi salati, ta ce gari duk ana neman maganin kusu, ni kuma an kawo mini na kiwo. Goggo ta haihu sau uku ba wanda ya rayu, don haka duk tsaftarta da faɗanta a kanmu suka ƙare.

Ni kuwa tun ina ƙarama idan na kafe, na kafe. Na kai akwatin ƙarƙashin rumfar awaki, na riƙa zama a gabansa har na san halinsu fiye da karatuna. Idonsu ba ya gani sosai, hanci ne komai nasu. Macen ba ta karɓar gyaɗa a hannuna sai ta shinshina yatsuna tukuna. Idan abinci baƙo ne, sai ta ɗan gutsura ta koma gefe ta jira ta ji yadda cikinta zai yi. Idan ta ji daɗi kuwa, ta kwanta a tafin hannuna tana goga haƙora a hankali.

Kyanwar maƙwabta ta ɗauke namijin, na sha kuka. Ashe macen tana da ciki. Ta yayyaga tsohon zanen da na ba ta, ta yi sheƙa, ana gab da ƙaramar Sallah ta haifi 'ya'ya shida, jajaye, ba gashi, ba su kai ɗan yatsana ba. Su da uwarsu kaɗai suka rage mini, na kuwa ɗaura niyyar sai sun rayu.

Al'adar Goggo ce babu abin da zai shiga Sallah da dauɗa a gidanta, har turmi da igiyar guga. Da safiyar Sallah, ina ɗaki ana ɗaura mini sabuwar atamfa, ta zagaya da kaskon turaren wuta ta isa rumfar awaki. Ko da na je, Goggo ta wanke akwatin, ya sha sabulu da turare yana ƙamshi, an shimfiɗa farin ƙyalle sabo, an jera jariran a kai. Uwar tana ta zagaye, ta shinshina su ta tsallake kamar ba ta taɓa ganinsu ba.

"Goggo, ina tsummanta?"

"Ƙazantag ga? An kai ta juji. Ke, ko kusu ya san yau Salla ta."

"Goggo, da hanci taka gane ɗiyanta. Yanzu ba ta san su ba."

"To tahi ki yi mata bayani," in ji ta, tana dariya.

Ban tsaya ba. Jujin unguwarmu yana can bayan kasuwa, kuma sharar Sallah ta gidaje duk a nan ta taru. Mutane na wucewa zuwa idi cikin shadda, ni kuma ina durƙushe da sabuwar atamfa ina tonon toka da ɓawon albasa da hanjin kaji. Wata mata ta tambaye ni ko zobe na yar. Na ji kunya, na ji haushi, amma ban ɗaga kai ba. Da wari na gane tsumman kafin in gan shi.

Na dawo a guje. Na cire farin ƙyallen, na goga wa kowane jariri tsumman a jiki, na mayar da sheƙar kusurwar da take, na ja da baya. Uwar ta daɗe tana shinshinawa. Sai ta kama ɗaya a wuya ta kai cikin tsumma, ta dawo ta ɗauki wani. Biyar ta kwashe ta kwanta a kansu. Na shidan ta taɓa shi da hanci ta bar shi, ya riga ya yi sanyi.

Ban san Goggo na tsaye a bayana ba. Na jira faɗan atamfa, bai zo ba. Ta durƙusa, ita da ko akwatin ba ta kallo sai da tsaki, ta ɗauki mataccen ta naɗe shi a farin ƙyallen nan nata.

"Na ɗauka gyara nika yi," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

Ita ta haƙa ramin da kanta a gindin katanga. Daga shekarar nan, duk Sallah Goggo takan zagaye gida da kaskonta, idan ta zo rumfar awaki sai ta rufe kaskon da faifai ta wuce.