Ranar da Na Yi Kala a Gonar Baffa

Ko zan manta komai, ban da safiyar da na yi kala a gonarmu ta Miri.

Lokacin ina jami'a ina karantar harsuna, har na fara ɗanɗana Sifaniyanci. Na zo hutu aka yanke dawa. Tun zamanin kakanmu, idan an kwashe amfani, mata marasa gona kan shiga su tsince zangarniyar da ta zube. Shi ne kala. A shekarar sai Baffa, ƙanen mahaifina mai kula da gonar, ya ce an daina, wai komai ya yi tsada. Alhali rumbunansa cike suke.

Muna zaune a gindin tsamiya, ga matan can a bakin gona riƙe da kwanduna, cikinsu har da wata dattijuwa da ke ciyar da jikokinta marayu. Baffa ya kawar da kai, ya shiga tsokanata, wai 'yar boko ta faɗa masa abin da ta koyo. Ni da ko murya ban iya ɗagawa ba, na ce a Turanci kalmar greed takan ɗauki haɗama da rowa gaba ɗaya, amma mutanen Sifaniya sukan raba: codicia ta mai son ƙari ce, avaricia ta mai ƙanƙame abin da ba zai ci ba.

Ya yi dariya. "To ni wacce kika ajiye mini?"

"Ko ɗaya, Baffa. Ba na so su same ka."

Na miƙe, na je na karɓi kwandon dattijuwar, na shiga gona. Na san ba zai kori 'yar ɗan'uwansa a gaban mutane ba. Raɓa ta jiƙa mini zane, karan dawa ya yanke ni a yatsa, na ci gaba da tsinta.

Can na ji takunsa a bayana. Na sadda kai ina jiran faɗa.

"Ke rabi kike bari a ƙasa, matsa," in ji shi. Ya juya ga dattijuwar. "Inna, ku shigo mana, rana na yi."

Suka shigo suna sa masa albarka. Da idona na ga ya sassauta igiyar wani dami, ya bar zangarniya tana zuba, ya yi kamar bai lura ba. Har yau ana kala a gonar nan.

Ranar na gane cewa sanin sunan haɗama a harsuna uku bai cika kwandon kowa ba, sai da na sunkuya na sa hannu.