Fiyano da Turmin Hajiya Kulu

Ranar Litinin, ɗaya ga watan Oktoba na 1979, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, mu uku ne a ƙaramar majami'armu da ke wajen ganuwar Katsina: ni, da Malama Saratu mai koya mini fiyano, da Baba Dogo mai gadi, wanda ya zauna a bakin ƙofa da rediyo a kunnensa. Ranar ce sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Babu makaranta, babu aiki, duk inda ka bi a gari sai ka iske mutane sun kewaye rediyo. Shekarata goma sha biyu. Na gama kaɗa wata waƙar godiya a guje, ina jin daɗin kaina, sai Malama ta rufe murfin fiyanon a hankali, ta shaida mini cewa an yi wa maigidanta canjin wurin aiki zuwa Kaduna, za su tashi bayan sujadar godiyar kaka, wadda ake yi in an yi girbi. Dattawan ikilisiya kuma sun zauna sun yanke shawara: in ta tafi babu mai kaɗawa, za a bai wa wata majami'a a Zariya fiyanon, a jera benci a gurbinsa. "Na gaya musu akwai mai kaɗawa," in ji ta. Na waiga ina neman wanda take nufi. Baba Dogo ya sauke rediyo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Yau kowa miƙa mulki yake yi, Lami. Ga naki nan an miƙo miki."

Fiyanon tsoho ne, wani Bature ya bar shi tun kafin a haife ni. Mu yara haƙora muke kiran farare da baƙaƙen da ake dannawa, kuma fararen sun yi ja kamar na mai cin goro, biyu na can ƙarshen dama ma sun daina magana. Malama Saratu kaɗai ta san halinsa. Malamar firamare ce, mutuniyar kudancin Zariya kamar iyayena, siririya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma yabon abin da bai kai yabo ba. Shekara biyu ina koyo a wurinta, amma ban taɓa kaɗa wa jama'a ba. Sharaɗin dattawa shi ne in kaɗa dukkan waƙoƙin ranar godiyar kaka ni kaɗai, su ji da kunnensu. Wanda ya fi matsa wa maganar ba da fiyanon shi ne Dattijo Bitrus, kafinta, mutum mai gaskiya, wanda yake ganin tulunan kiɗa da kacau-kacau na mata sun wadatar, ga shi kuma mutane suna tsayawa a waje don rashin wurin zama. Ba mugunta ce ta sa shi ba, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

Muna haya a wani babban gida kusa da Ƙofar Durbi, gidan Hajiya Kulu, mu kaɗai ne Kirista a cikinsa. Mahaifina akawu ne, amma yana da gonar aro a bayan Ƙofar Sauri, kuma lokacin cirar gyaɗa ne. Da sassafe in share tsakar gida, in ɗebo ruwa a famfo, in wanke kwanoni, sannan in ruga makaranta. In an tashi, wata rana gona, wata rana aike zuwa Babbar Kasuwa sayen daddawa da kuka. Da yamma mu yi gaɗa da 'yar carafke da Indo, autar Hajiya, har a kira mu tuwo. Na roƙi Malama ta bar mini ranar Asabar ɗungurungum in wuni a kan fiyano, ta ƙi. Ta ce, "Shuka ba ta son ambaliya ran Asabar, yayyafi take so kullum." Ta je da kanta ta roƙi mahaifiyata a ba ni ɗan lokaci kowace rana, tsakanin tashi daga makaranta da la'asar. Da an kira sallar la'asar a masallacin unguwa sai ta rufe murfi, ko da ina tsakiyar jin daɗi. A ganinta hannun da ya gaji kuskure yake koyo. 'Yar carafke kuwa ba ta hana ni ba, ta ce tana sa yatsu laushi.

A makonnin nan na gane cewa a da wasa nake yi, ba bita ba. Kafin in taɓa haƙori ko ɗaya sai na rera waƙar da baki, do, re, mi, har ta zauna a kunnena. Daga nan hannun dama shi kaɗai, sannan na hagu shi kaɗai, kuma na hagu ya fi shan wuya domin shi ne malalaci. Sai ta haɗa su a tafiyar hawainiya, a hankali har nakan ji kunyar Baba Dogo. In na yi sauri sai ta ɗora yatsa ɗaya a kafaɗata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ta hana ni farawa daga farkon waƙa. Farko na iya shi, shi ya sa nake son sa. Takan nemo wurin da yatsuna suke harɗewa, ɗan guntu da bai wuce numfashi ɗaya ba, ta tsayar da ni a nan in yi ta maimaitawa, sannan in haɗa shi da abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. "In riga ta yage a hammata, hammata ake ɗinkewa," haka take cewa. Wata rana kuma ta ce, "Yatsa ba shi da wayo. Abin da kika maimaita masa shi zai riƙe, ko daidai ko karkatacce." Sabuwar waƙa kuwa daga layin ƙarshe muke fara ta, mu yi baya-baya, don in ina kaɗawa in riƙa tunkarar wurin da na fi sani.

Da wata ya ƙare yatsuna sun gyaru, amma saura matsala guda, kuma ita ce babba. Da na yi kuskure sai in tsaya cak, in koma baya in gyara. A ɗaki ni kaɗai wannan ba laifi ba ne. A majami'a kuwa jama'a ba sa komawa baya. In sun ɗauki waƙa sun tafi ke nan, mai kiɗan da ya tsaya gyara sai ya tsinci kansa shi kaɗai a baya. Malama ta yi ta faɗa mini, kaina ya ji, hannuna bai ji ba.

Wata yamma ta zo gidanmu gaida mahaifiyata, ta iske ana dakan gero a tsakar gida. Hajiya Kulu da Indo da wata 'yar haya suna lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, wannan ta sauka waccan ta tashi, har Hajiya takan cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe. Malama ta tsaya da jakarta a hannu tana kallo, ta manta da kujerar da aka miƙo mata. Da aka huta, bayan doguwar gaisuwa, ta tambayi Hajiya ko za ta sa ni a cikin masu daka. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wagga ɗiya? Mai hannu kamar tsinken tsire? Malama, ke dai ki ce kina son a hwasa mini turmi." Aka yi dariya. Washegari Hajiya ta miƙo mini taɓarya.

Daka ni kaɗai na iya shi tun ina ƙarama, lugude ne ban taɓa shiga ba. Bugu na farko da na biyu suka tafi daidai, a na uku na makara, sai na yi abin da na saba: na yi sauri in rama wanda na rasa. Taɓaryata ta gwabza da ta Indo, gero ya watse, kaji suka yo ca, Indo ta riƙe yatsa tana kirana 'yar Turawa. Hajiya ba ta daina nata bugun ba. Tana daka tana magana: "Mi kike bi? Wanda ya wuce ya wuce. Ɗaga taɓarya ki jira, naki na zagayowa." Kwana da kwanaki ina shan tsiyar Indo kafin jikina ya yarda cewa in bugu ya kuɓuce, ba a bin sa, kunne ake kasawa a shiga a na gaba.

Daga nan Malama ta raba bitarmu gida biyu, ta sa musu suna gyara da tafiya. A lokacin gyara an yarda in tsaya, in maimaita, in yi ta tonon wuri ɗaya. A lokacin tafiya kuwa ko rufi ne ya faɗo ba a tsayawa. Don ta tabbatar, sai ta riƙa ƙirƙiro mini fitina. Ina cikin kaɗawa ta fizge littafin waƙa, ko ta ɗaga hannuna na dama sama ta riƙe, tana ci gaba da rerawa, sai ta sake shi in nemi inda aka kai. Ta sa Baba Dogo ya zama jama'a: ya ja waƙa da muryarsa mai kama da ta kwaɗo, ya jinkirta inda ya ga dama, wani lokaci ya ƙure rediyo ana jawabin 'yan siyasa. Dokarta ɗaya ce, hannun hagu kada ya mutu, domin shi ne turmin.

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika har tagogi. An jibge dammunan dawa da gero a gaban bagadi, ga kabewa, ga buhunan gyaɗa, ga kaji a ɗaure. Na zaci Malama za ta zauna kusa da ni, sai na hango ta a bencin ƙarshe, ta naɗe hannu. Waƙa ta farko da ta biyu suka wuce lafiya. A waƙar baiko, lokacin miƙa kyauta ga Allah, mata suka taso a jere suna rangaji, kowace da abin da ta kawo a ka. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daidai kunnen wani zakara da igiyar ƙafarsa ta kwance. Ya yi fiffike ya dira a kan fiyano, ya ture littafin waƙa ƙasa, ya tsaya yana kallona da ido ɗaya. Yara suka fashe da dariya. Hannuna na dama ya ɓace gaba ɗaya, ban san inda muke ba, kuma duk jikina yana ce mini in koma farko. Na ɗaga hannun sama na bar shi a nan. Na hagu ya ci gaba da bugunsa, shi kaɗai, kamar ba nawa ba. Na kasa kunne, na ji mata sun kusa ƙarshen layi, na bari suka ja numfashi, muka shiga sabon layi tare. Baba Dogo ya lallaɓo ya cafke zakaran, waƙa ba ta yanke ba har aka ce amin.

Bayan an tashi dattawa suka tsaya a gindin dalbejiyar da ke ƙofar majami'a, mu kuma muna jira daga nesa, ni da mahaifiyata. Ba su daɗe ba. Dattijo Bitrus ne ya tako da kansa, ya tsaya a gaban mahaifiyata, ya ce, "Maman Lami, yarinyarki ta yi kuskure, na ji shi sarai. Amma ba ta yar da mu a hanya ba. Benci zan ƙera gajeru, mu sa a baranda." Malama Saratu ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne. Ta ce mini a waƙa ta biyu na yi sauri a layi na uku, gobe da shi za mu fara. Da na kai wa Hajiya Kulu labari sai ta ce ita zakaran take tausayi, da ya ji kiɗana a kusa.

Yau majami'u sun cika da fiyanon lantarki, mai maɓallin da in an danna shi yake buga ganga da kansa, kuma yara suna koyon waƙa a waya cikin yini guda. Suna da basira, wasunsu sun fi ni nesa ba kusa ba. Sai dai in an ɗauke wuta a tsakiyar waƙa nakan ga sun dubi juna, hannu a sake. A unguwarmu ta da ma injin niƙa ya karɓi aikin turmi, ban san ko akwai sauran tsakar gidan da yarinya za ta koyi jiran bugunta ba. Shekarun da na yi ina karanta labarai kai tsaye a rediyo, in harshena ya sarƙe, ban taɓa komawa farkon jimla ba. Mata biyu ne suka koya mini haka, ɗaya da littafi, ɗaya da taɓarya.

Malama Saratu ta tashi zuwa Kaduna a makon da ya biyo baya. Fiyanon ya zauna a Katsina, ni na riƙa kaɗa shi kowace Lahadi har na tafi makarantar kwana.