Sai Inna Hure Ta Gane

Kullum bayan La'asar Malam Labbo yakan jawo bencinsa gindin darbejiyar ƙofar gidansa a Gummi, rediyo a dama, littattafai a hagu, ya zauna kamar mai jiran baƙi. Baƙin kuwa suna zuwa: malaman firamare, ma'aikatan asibiti, da ire-irena da suka tuna da digiri bayan gwiwa ta fara ƙara. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da darasin gwamnati a sakandare. Watan jiya ya yi ritaya, ko taron lemo ba a yi masa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ɗalibinsa ne sau biyu. Na farko ina yaro, ban ji ba. Na biyu bara, ina da shekara arba'in da takwas, ina karatun jami'a daga gida, na faɗi jarrabawar dimokuraɗiyya da ci gaban Indiya. Ban yi mamaki ba, don iyakar sanina da ƙasar shi ne mutane na rawa a kan tsauni. Dama ɗaya ta rage mini, in na sake faɗuwa a sallame ni. Ga 'yata Basma a shekarar ƙarshe a tata jami'ar, tana tambayata yaya karatu da wata murya da ba na so.

Malam kuwa ya taɓa raka wansa jinya Indiya wata huɗu, ya tarar ana zaɓe. Abokan tafiya suka dawo da turare da yadi, shi ya dawo da littattafai.

Na je na zuba masa haddata tas, har da panchayat, kalmar da nake furtawa da ƙarfi don ban san ta ba. Ya saurara, sannan ya nuna mini Inna Hure, tsohuwar da ke dama fura kusa da masallaci. Ya ce in je in yi mata bayani, ban da Turanci ko kalma ɗaya. "In ba ta gane ba, Namadi, kai ma ba ka gane ba."

Haka na tsuguna gaban ƙwarya da hulata da girmana, ina gaya mata panchayat majalisar ƙauye ce da ake zaɓa a Indiya, kuma doka ta ware wa mata aƙalla kujera ɗaya cikin uku. Ko ludayi ba ta aje ba.

"To da sunka zauna, ruwa ya zo garin?"

Na ce ban sani ba.

"Koma ka tambayo, ɗana."

Mako uku muka yi da Malam a kan tambayar nan: inda zaɓe ya kawo famfo da makaranta, inda miji ke mulki da sunan matarsa, inda aka yi layi aka koma gida da ƙishirwa. Ranar jarrabawa aka tambaya ko dimokuraɗiyya na kawo ci gaba. Tambayar Inna Hure ce aka sa wa kwat. Na ci. Makin ba na nunawa a majalisa ba ne, amma Basma ta gyara murya.

Ba ni kaɗai ba ne. Mutanen Adabka sun ga ranar da Malam ya hau babur cikin damina, taɓo har gwiwa, ya kai wa Malama Zubaida takardun bita saboda tana jego. Yau ita ce shugabar firamarensu.

Malam, kai ne ba ka taɓa dariyar furfurar ɗalibi ba, ko da ta cancanta. Kai ne da na kawo sakamako ka ce, "Mi ya rage?" Na ce siyasar ƙasar Sin. Ka ce ba ka san ta ba, amma in ba ka mako biyu.

Mun gode, gatan masu karatun tsufa. Allah Ya ƙara lafiya da hasken ido. Ku kuma da kuka yi karatu kuka ninke shi a akwati, ku fito da shi ƙofar gida. Akwai irina da yawa a garin nan, kunya ce kawai ta hana mu yin sallama.