Gwiwar Baba da Ruwan Tafadak

Litinin: Dogondutsi zuwa Agadas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka shiga motar Agadas, ni da mahaifina. Shekara biyu ke nan a kan kujera yake sallah saboda ciwon gwiwa, abin yana ci masa rai ƙwarai. An ba shi labarin ruwan zafi na Tafadak da ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsun Ayar, ya ce ko da rarrafe sai ya je.

A Ƙonni muka karya da ƙosai da kunu. Bayan Tawa jandarma suka duba takardu, ɗayansu ya tambayi Baba inda ya nufa.

"Wanka za ni, ɗana."

"Tun daga Dutsi, Baba?"

Mota ta kwashe da dariya. Daga Abalak hanya ta jijjiga mu son ranta, muka isa Agadas a gajiye, muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da albasa.

Talata: Tafadak

Ƙarfe bakwai Agali, Buzu mai kat-kat, motar shiga daji, ya ɗauke mu. Tafiyar kilomita tamanin ce. Ya ce za mu ga duwatsu. Baba ya taɓe baki: "Mu mutanen Dogondutsi za a gwada ma dutsi?"

Ba a yi awa biyu ba bakinsa ya mutu. Duwatsu baƙi ƙirin kamar gawayi, wani bayan wani har iyakar gani, ga ƙorama da goruba kore shar a gindinsu. Agali ya ce a zamanin da wuta wasunsu suka riƙa amayarwa, zafin da ya rage ne ke dafa ruwan. Baba ya matso kunnena: "Ashe namu tudu ne. Kak ka hwaɗi a gida."

Kwana biyar muka yi. Safe da yamma nake riƙe shi ya shiga ruwan, yana salati yana cewa an dafa shi. Shayi da gurasar Buzaye kuwa har suka ishe ni. Amma sallah dai a zaune, ni kam na fara karaya.

Komawa gida

Ranar Lahadi muka iso ana kiran magariba. A masallaci na ɗauko masa kujera kamar kullum, ya ture ta da ƙafa. Da aka zo sujada na ji gwiwar ta yi ƙara. Ya sauka a hankali, a hankali, har goshinsa ya taɓa ƙasa. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, Baba bai ɗago ba sai can.

Bayan sallama maƙwabta suka tambaye shi duwatsun Ayar. Yana share hawaye, ga yashi a goshi, ya ce: "Ba laihi, amma ba su kai namu ba."

Na ɗauki kujerar na kai ta gida. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa Agali da mai masaukinmu da alheri.