Yadda Aka Auna Nisan Dajin Hanjina

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun ɗauka na bar Kumasi. Ina nan Zango. Jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Issaka, trotro, wato bas ɗin haya, nake ja zuwa Atonsu. Bara na fara ganin jini a bayan gida. Na ce kooko ne, basir ɗin da duk direba ya sani, na yi ta shan jiƙo. Sai da wando ya fara zame mini, ɗan tafiya kaɗan in kama haki, sannan matata Rabi ta tasa ni gaba zuwa asibiti.

Suka zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, suka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Ciwon daji ne, a babban hanji.

Na ɗauka an gama magana. Likitar ta ce ba a ma fara ba, sai an san matakinsa, daga ɗaya zuwa huɗu, domin shi zai nuna maganin da za a yi.

"Abu uku za mu duba," in ji ta. "Zurfin da ya ci a bangon hanji, ko ya kai kaluluwar da ke kusa, ko ya tsallaka hanta da huhu."

Aka ɗebi jini, aka tura ni hoton ƙirji da ciki. Katin inshorata bai ɗauki hoton ba, direbobin tasharmu ne suka haɗa mini, Musulmi da Kirista.

Huhu lafiya. Amma an ga ɗan tabo a hanta. Na tambayi likita ma'anarsa, ba ta ɓoye mini ba: in daji ne, mataki na huɗu ke nan. Ta ce sai an sake hoto a tabbatar.

Kafin hoto na biyu ya fito, abinci ya fita raina. In yarana suna wasa a tsakar gida, sai in kasa kallonsu. Rabi ba ta taɓa kuka a gabana ba, amma kullum idonta ja.

Tabon ƙullin ruwa ne kawai, ba daji ba. Likita ta ce da alama mataki na biyu ne, sai dai tabbas sai bayan aiki. Ni biyun kawai kunnena ya ɗauka.

Aka yi aiki, aka yanke wurin, aka haɗa hanjin. Da na dawo gida, mahaifiyata, Mma, ta sa aka yi sadakar masa, kowane ɗaki ya samu.

Da muka koma ganin likita, ta ce an duba kaluluwar da aka cire tare da hanjin, an samu dajin a cikin wasu. Mataki na uku. Sai na sha kemo, maganin kashe ƙwayoyin daji.

Gaya wa Mma ya fi jin labarin wuya. Da na faɗa mata, sai ta ce:

"Ai biyu suka ce. Wa ya ƙara?"

Na ce mata ciwon bai ƙaru ba, da can ma yana nan, hoto ne ba ya iya ganinsa. Ta ce to, gara da aka gani.

Wata shida na yi ina kemo. Amai, kasala, yatsuna suka mutu, ko ledar ruwan sanyi ban iya riƙewa. Hoton da aka yi watan jiya bai nuna komai ba. Zan ci gaba da zuwa dubawa shekaru masu zuwa.

Alhamdulillahi. Rabi, Mma, 'yan tasha, likitoci da nas-nas, Allah Ya saka muku da alheri.

'Yan'uwa, jini a bayan gida, a je asibiti. In an ce daji ne, ku tambayi matakinsa, ku tambaya kuma ko hasashe ne ko tabbas. Ku tafi da wani, domin mai tsoro rabin magana yake ji.

Kada kowa ya yanke wa kansa likkafani saboda lamba. Uku aka ba ni, kuma ni ne nake muku wannan rubutu.